Gefen da Ba a Nutsewa

Akwai wani kafinta da abokansa ke kira Agwagwa, domin tun yana yaro ba a raba shi da ruwa. Mutum ne mai sauƙin kai a kan komai in ban da abu ɗaya: idan aka zo maganar tafkin da ke bayan gari, ba ya jin ta kowa. A can marigayi mahaifinsa ya koya masa iyo. Ko yana tsakiyar aiki, zarto a hannu, garin katako ya cika masa gira, hankalinsa na can wurin da rana ke ɗumama ruwa tsakanin ciyayi. Babban burinsa shi ne ya ga 'yar autarsa tana iyo kamar yadda ya yi.

Yayarsa ma'aikaciyar jinya ce a wani babban asibiti mai nisa. Da ta zo hutu ta ji yana wannan zance, sai ta ajiye kofin da ke hannunta.

"Kai Agwagwa, furfura ta fito maka, har yanzu ba ka fito daga ruwa ba? Kai ka ƙi ji, to ka bar min yarinya. Ruwan nan tsargiya ce fal a cikinsa."

Ya yi dariya. "Yaya ke nan! Ku 'yan asibiti, ko iska mutum ya shaƙa sai kun samo mata suna. Wa ya taɓa nutsewa a gabana?"

"Ni na ce maka nutsewa? Ƙwayar cutar daga jikin dodon koɗi take fitowa, ta huda fata ta shige. Ba a ganinta."

Matarsa ta ce, "Ka dai ji, Baban Auta. Ni ban yarda ba."

Ya ce ya ji. Amma ranar da matar ta tafi kasuwa, sai ya rufe shago, ya ɗora Auta a bayan keke.

Shi a saninsa, haɗarin ruwa zurfi ne kawai. Don haka ya zaɓa mata wurin da ya fi amincewa da shi: can gefe, inda ruwa bai wuce gwiwa ba, ya kwanta lumui, da ɗumi kamar an dafa. Ya tallafo cikinta da tafin hannu, tana bugun ruwa tana ƙyalƙyala dariya. Idan ta gaji sai ta zauna a ciki tana tsince masa ƙananan dodon koɗi daga jikin ciyawa. Rabonsa da farin ciki irin na ranar tun mahaifinsa na da rai.

A hanyar komawa ta fara sosa ƙafa. Ya ga 'yan ƙuraje jajaye, ya shafa mata mai a shago, ya busar mata da kai da tsumma mai tsabta.

"Wannan tsakaninmu ne, ko Auta?"

"Tsakaninmu ne, Baba."

Haka suka ci gaba duk lokacin zafi, da na shekarar da ta biyo baya. Auta ta iya iyo, amma ta fara ramewa. Yarinyar da ke cika gida da surutu ta koma kwanciya da rana, malamai suna cewa barci take yi a aji. Wata rana ta same shi a shago, ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen rigarta.

"Baba, in na gama fitsari, jini nake gani."

Ya tuna maganar Yaya. Amma ya tuna kuma cewa a zamaninsu kusan kowane yaro ya yi wannan, har suna yi wa juna tsiya da shi. Ya kuma san idan aka je asibiti za a tambayi inda take shiga ruwa.

"Zafi ne ya yi miki yawa. Ni ma na yi, ga ni garau. Ki riƙa shan ruwa. Kada ki tayar wa Mamanki da hankali."

Ta gaskata shi, domin bai taɓa yi mata ƙarya ba a saninta.

Watanni suka wuce kafin uwar ta gani da idonta, tana wanki. Zuwa lokacin Auta ta fara riƙe kwiɓi tana kuka idan za ta yi fitsari. A asibitin Yaya aka yi hoto, aka ce ƙwan tsutsar tsargiya ya cika bangon mafitsara, ya toshe hanya, ƙoda ɗaya ta kumbura. Yaya ta fito da shi baranda. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ka san maganin abin nan? Ƙwayoyi ne 'yan kaɗan, a sha da ruwa. Da ranar da ta gaya maka ka kawo ta, da tuni an manta. Yanzu sai an daɗe ana duba ƙodar. A wurina za ta zauna."

Matarsa ba ta yi masa faɗa ba. Ta haɗa wa yarinyar kaya, ta ninke su ɗaya bayan ɗaya, ba ta dube shi ba.

Gida ya yi shiru. Yakan buɗe shago da safe, ya ɗauki guduma ya ajiye. Idan yaran makaranta suka taso, sai ya tsinci kansa a bakin ƙofa yana duba fuskokinsu. Shi ma an gwada shi an samu cutar, ya sha magani, bai sake bin hanyar tafki ba. Amma da yamma, idan iska ta kawo ƙanshin laka, yakan ji kewar abu biyu a lokaci guda, tafkin da Auta, ya rasa wanne ya fi ciwo.

Duk ƙarshen mako Yaya na ba Auta waya. Kullum tambayarsa ɗaya ce: "Yaushe za ki dawo?" Kullum ta ce sai Gwaggo ta ce. Ran nan sai ta ce:

"Baba, Gwaggo ta ce likita ya yarda in zo hutu."

"Alhamdu lillahi! Gobe in zo in ɗauke ki?"

"Baba, lokacin da na gaya maka maganar jinin nan, ka san ko mene ne?"

Ya ce, "An gaya min, Auta. Na sani."

Can ta ce, a hankali, "To bari in ƙara kwana biyu a nan tukuna."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ruwan tafki mai ɗumi da ke kwance ba ya zama lafiyayye don ba shi da zurfi, kuma sabo da wuri ba ilimi ba ne a kansa. Idan yaro ya yi ƙaiƙayi bayan shiga irin wannan ruwa, ko ya ga jini a fitsari, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba. Iyaye kuma su sani, wanda ya ɓoye ciwon ɗansa don kare kansa daga kunya yana iya samun lafiyar yaron daga baya, amma yardar da ya zubar ta fi ƙoda wuyar warkewa.