Waƙar Ɓarar Gyaɗa

Tun rasuwar maigidana nake ɓarar gyaɗa wurin Alhaji Tanimu. Rannan ya kore ni, wai ina cinye masa gyaɗa. Na kai shi gaban Sarkin Kasuwa.

Alhaji ya ce, "Ta kawo wanda ya ga ba ta ci ba."

Na ce, "Kai ne shaidata, Alhaji. Wa ya kafa dokar mu riƙa waƙa muna ɓara, don kada mu ci?"

"Ni ne."

"Ka taɓa jin na yi shiru?"

"Ke, Kande? Muryarki har ciwon kai take sa ni!"

"To, da wane bakin na ci?"

Sarki ya ƙyalƙyale da dariya. Alhaji ya ce in koma aiki, amma in rage murya.

Na ce, "Ina! In na rage, sai ka ce na fara ci."