Bututun da Aka Shafa wa Launin Ƙarfe

Da sunan Allah Maɗaukaki, Masanin zahiri da baɗini. Yabo da ɗaukaka sun tabbata gare shi har abada.

Akwai wani mutum mai sana'ar fesa wa motoci fenti. Idonsa ne jarinsa, gama yakan dubi launi sau ɗaya ya haɗa irinsa. Ya sayo injin matse iska, ya kuma so ya ja bututu daga injin zuwa rumfar aikinsa. Sai ya nemi shawarar kawunsa, tsoho wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana haɗa bututu a masana'anta.

Tsohon ya ce, "Ɗana, ka sa na ƙarfe, ka kafe shi a bango, ka bar masa gangara da mafita a ƙasa don raɓar da iska kan tara. Na roba kuwa, na ruwa ne. Ruwa in ya sami tsaga yakan ɗiga, ya yi maka gargaɗi. Matsattsiyar iska ba ta sallama. Idanunka nake jiye wa."

Ya ce, "Na ji, Kawu."

Amma aikin ƙarfe yana cin kwanaki, ga motoci suna jira, ga kuma ragowar bututun roba jingine a bayan gida. Ya haɗa shi da gam a yini guda. Don kada kawunsa ya yi faɗa, sai ya fesa masa launin ƙarfe, ya kuwa fesa da gwaninta.

Da tsohon ya zo dubawa, ya tsaya daga ƙofa, ganinsa ya riga ya raunana. Ya ce, "Madalla, ka ji magana. Tun da ƙarfe ne, bari in ƙara maka ƙarfin iskar, fentinka ya kwanta sumul." Ya murɗa injin, allurar ma'aunin iska ta hau. Mutumin yana tsaye dab da bututun. Ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, kunya ta rufe shi.

Bututun ya tarwatse kamar kwalba, ɓaraguzansa suka same shi a fuska.

Bayan kwana arba'in aka kwance masa ƙyalle a asibiti, bai ga komai ba. Ya lalubi hannun tsohon, ya ce, "Kawu, roba ce. Ni na shafe ta."

Tsohon ya daɗe yana kuka. Sa'an nan ya ce, "Ni ka ruɗa, ɗana. Iskar ba ta ga fentin ba."

Ma'anar wannan misali ita ce: bututun shi ne zuciyar mutum, iskar kuwa gwaji ne, wanda ba ya aiko da manzo kafin ya iso. Fentin shi ne riya, wato ibadar ganin ido. Da yawa a cikinmu mun amsa wa'azi da "na ji," muka koma muka shafe rauninmu da kyakkyawar sutura da doguwar addu'a. Dattawan ikkilisiya sukan gaskata launin, su ɗora mana nauyin da ba za mu iya ɗauka ba, mu kuwa mu yi shiru don kunya. Ku lura, mutumin nan ya sami zarafin tuba, kalma ɗaya tak, tun yana da idanunsa. Ya faɗe ta daga baya, amma cikin duhu.

Ubangiji Yesu Almasihu ya ji ƙan wanda ya rubuta da wanda ya karanta, ya ba mu furta gaskiya tun allura ba ta hau ba. Amin.