Hannun da Baban Tessa Ya Sa

Akwai wata yarinya a birnin Milwaukee mai suna Tessa Nowicki. Allah ya yi mata hannun girki, wannan kam ba mai musu. Tun tana 'yar shekara goma sha biyu, bayan rasuwar mahaifiyarta, ita ke riƙe da kicin ɗin gidansu. Sai dai yabo ya yi mata yawa har ya hau mata kai.

Mahaifinta Leonard direban bas ne na cikin gari. Shekara ashirin da bakwai yana kan sitiyari, har bayansa ya lalace, ba ya iya ɗaura takalmi sai ya zauna. Ba shi da burin da ya wuce ya cika shekara sittin da biyu ya yi ritaya. Saura masa shekara uku cif, kuma kowa a gidan ya san ranar.

Da Tessa ta gama sakandare, ta ce digirin girki na shekara biyu take so. Makarantu biyu ke bayarwa. Kwalejin gwamnati dala dubu tara ce. Wata makarantar kuɗi kuwa, mai kicin yana ta ƙyalli, dala dubu arba'in da takwas. A takardar tallarta an rubuta cewa shugaban kicin na samun dala dubu saba'in a shekara. Nan idon Tessa ya tsaya, bai ƙara gaba ba.

Banki ba ya ba 'yar shekara sha takwas irin wannan bashi sai babba ya sa hannu ya tsaya mata. Leonard bai ce a'a ba. Cewa ya yi su fara zuwa wurin yayarsa Dolores, wadda ta shekara talatin tana shugabantar kicin a wani gidan abinci na unguwa.

Ranar Juma'a suka je, ranar soyayyen kifi, layi har bakin titi. Suka same ta gaban kasko, gumi na ɗiga daga haɓarta.

"Yaya, nawa kike biyan sabon kuku mai digiri?" in ji Leonard.

"Dala sha bakwai a awa."

"Wanda ba shi da digirin fa?"

"Sha bakwai. In ya iya zuwa aiki a kan lokaci."

Tessa ta miƙa mata takardar tallar. Dolores ta duba, ta yi tsaki.

"Ke 'yar nan, kicin ɗaya shugaba ɗaya ne, kuma sai an yi shekara goma ana yankan albasa ake jin ƙamshin kuɗin nan. Zo ki yi min Juma'a huɗu a gaban kaskon nan. In ƙafafunki sun yarda, ki shiga kwalejin gwamnati, kina aiki kina biya."

"Haba Gwaggo, ni ba suyar kifi zan koya ba. Ke shekara talatin kina nan, har gashinki ƙarni yake."

Dolores ta kwashe da dariya. "Ƙarnin ne ya saya min gida, yarinya. Matsa, kin tare min hanya."

A mota Leonard ya fara lissafi da ƙarfi, albashi kaza, haya kaza, biyan bashi kaza. Tessa ta katse shi.

"Baba, da Mama na raye, ba za ta tsaya yin lissafi a kaina ba."

Ni dai maganar nan har yau tana min zafi, don ta san sarai inda ta soka. Washegari Leonard ya sa hannu.

Makaranta ta yi wa Tessa daɗi, ba ƙarya. Ta koyi miya iri-iri, ta koyi gashin burodi, ta fita da sakamako mai kyau. Ranar bikin kammalawa Leonard ya yi ta share hawaye.

Amma ganin Dala ba shiga birni ba ne. A babban gidan abincin da ta nemi aiki, shugaban kicin ko kallon takardarta bai yi ba. Buhun albasa ya tura mata da ƙafa, ya tsaya yana kallon yadda take riƙe wuƙa. Da yamma ya ce an ɗauke ta, dala sha bakwai a awa. Matar da ke yanka a gefenta kwalejin gwamnati ta yi, albashinsu ɗaya, kuma ba wanda ke bin ta ko sisi.

Tessa ta haɗiye abin. Ta kama ɗaki kusa da wurin aiki, don a ganinta mai digiri ba ta zama a gidan uba.

Wata shida da gama makaranta, takardar farko ta iso daga banki. Dala ɗari biyar da casa'in duk wata, har shekara goma. Ta biya na farko da ƙyar. Sai watan Janairu ya shigo, ƙanƙara ta rufe gari, masu cin abinci suka ɗauke ƙafa, aka rage mata aiki daga awa arba'in zuwa ashirin da shida a mako. In ta biya haya da inshorar mota, abin da ke saura bai kai rabin kuɗin banki ba.

Wata ɗaya ya wuce ba ta biya ba, na biyu ya bi shi. Ta daina buɗe wasiƙu, ta daina ɗaukar lambar da ba ta sani ba. Tsoro ya hana ta cin abinci, ita da ke ciyar da mutum ɗari a rana. Duk ranar Lahadi mahaifinta zai kira.

"Tessa, komai lafiya dai ko?"

"Lafiya lau, Baba."

Kunya ce ta rufe mata baki. Ta riƙa gaya wa kanta cewa bashinta ne, ita ya shafa, in bazara ta zo za ta gyara.

Juma'ar ƙarshe ta watan Mayu ita ce ranar ritayar Leonard. Tessa ta yi niyyar ba shi mamaki. Ta gasa kek mai hawa biyu, ta rubuta "Hutu lafiya, Baba" a kai, ta ɗauka zuwa garejin bas da tsakar rana.

Ta tarar ba alamar biki, kowa na harkar gabansa. Matar da ke raba wa direbobi hanya ta dubi kek ɗin, ta dube ta, fuskarta ta canza.

"Ayya. Bai faɗa miki ba? Ai ya janye takardar ritayar tun makonni uku da suka wuce. Har aikin Asabar ya roƙa a ƙara masa."

Tessa na nan tsaye bas ɗinsa ta shigo. Ta ga ya sauko a hankali, mataki ɗaya bayan ɗaya, hannu ɗaya a ƙofa, ɗaya a ƙugu.

"Baba, me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"Ke kin faɗa min?"

Ta kasa ɗaga kai.

"Banki suka kira ni," ya ce. "Wata huɗu ba a biya ba. Ni na sa hannu, Tessa, ni za su bi. Na biya na baya. Kuɗin fansho ba zai ɗauki ɗari biyar da casa'in duk wata ba, na yi lissafin sau uku."

"Zan biya, Baba. Zan saki ɗakin in dawo gida, zan nemi aiki na biyu. Na rantse zan biya."

"Na ji. Ki dawo, ɗakinki na nan. In mun haɗa hannu, wataƙila shekara huɗu ta isa."

Shekara huɗu, da wannan bayan. Tessa ta fashe da kuka a gaban mutane. Leonard ya sunkuya ya karanta rubutun da ke kan kek ɗin, ya daɗe yana kallo.

"Ya yi kyau ƙwarai," ya ce. "Yanka ki raba wa mutane, kar ya lalace. Ni minti goma gare ni in koma hanya."

Darasi: Neman ilimi ba laifi ba ne, amma kafin ka ci bashin karatu, je ka tambayi masu sana'ar nawa ake biyan sabon shiga, kar ka tsaya kan takardar talla. Kuma ka sani, wanda ya sa hannu ya tsaya maka, lafiyarsa da hutunsa ya jingina saboda kai, don haka kar ka ɓoye masa komai. Ku tura wa iyaye da 'ya'yan da ke shirin cike takardar bashi, tun biro bai taɓa takarda ba.