Ranar da Jakin Ikkilisiya Ya Ƙi Hutu

Tsofaffin Unguwar Tambai har yau suna ba da labarin wani fasto nasu, Barnaba Jatau, wanda Allah ya sa wa aikinsa albarka har albarkar ta kusa hana shi aiki.

Da fari a gindin tsamiya suke sujada, su kaɗan, awakin da ke kallonsu sun fi su yawa. Ƙararrawarsu tsohon rim ɗin mota ne da aka rataye a reshe. Sannu a hankali mutane suka karɓi bishara gida bayan gida, har aka gina majami'a, aka rufa kwano, aka sayo ƙararrawa ta gaske. Ran Lahadi in ka makara sai dai ka tsaya ta taga.

Ana cikin haka sai wani tsoho mai suna Arzika ya zo daga Rafin Kanya, wani ƙauye a tsallaken kogi. Tari ya cinye shi, da ƙyar ya iso. Ya ce shi da mutanen gidansa suna so a aiko musu wanda zai gaya musu labarin Yesu. Ya ƙara da cewa in damina ta sauka kogi zai cika, ba mai haye shi sai kaka, shi kuwa bai yi wa kowa alkawarin ganin kaka ba.

Dattawan ikkilisiya suka ba shi tuwo, suka yi masa addu'a, suka raka shi bakin hanya. Sa'an nan suka zauna suka yanke cewa bana shekarar godiya ce: za a yi wa majami'a shafe, a ɗinka anko, a yi biki. Rafin Kanya sai baɗi. Suka kuma ce jakin da ya yi ta yawo da fasto ƙauye-ƙauye ya cancanci hutu, tunda aiki ya kammala. Fasto Barnaba ya amince, ya rufe taro da addu'a mai tsawo.

Bayan 'yan kwanaki, wata rana da hantsi, fasto ya kai wa jakin dusa, ya shafa masa wuya, ya ce, "Abokina, ka huta. Mun gama."

Jaki ya haɗiye abin da ke bakinsa, ya ce, "Malam, wa ya ce maka mun gama?"

Fasto bai firgita ba, domin ya san wani jaki ya taɓa yi wa mai shi magana a zamanin annabawa. Abin da ya dame shi kawai, ya tuna a wancan karon ma ba jakin ne ya ɓata hanya ba. Ya jawo wani tsohon turmi ya kifa ya zauna.

Jaki ya ce, "In ka ba ni izini, zan gaya maka yadda aka yi tsakanin Dankaka da 'yan gayya."

Fasto ya ce, "Faɗi, amma ka taƙaita. Masu shafe suna jirana."

Jaki ya ce:

An yi wani baƙo, Dankaka, ya sauka a wani ƙauye ba shi da komai sai fartanya da yunwa. Mutanen garin suka yanka masa daji, suka kira masa gayya. Ka san yadda gayya take: yau a taru a nome gonarka, gobe in an buga ganga don gonar wani, ka saɓi fartanyarka ka tafi, ba sai an aiko ba. Damina ta yi kyau, dawa ta yi har ya rasa inda zai zuba. Ya gina rumbun da ba a taɓa ganin irinsa a garin ba, har da zane a jikinsa.

Dankaka ba butulu ba ne. Ya sa aka dama fura, ya tara mutane, ya gode musu ɗaya bayan ɗaya da suna, har ya yi ƙwalla. Da shekara ta zagayo aka buga ganga don gonar maƙwabcinsa, sai ya aika cewa yana gyaran jinkar rumbu, kada albarkar da Allah ya ba shi ta jiƙe. Da aka sake bugawa, yana toshe ramin ɓera. Daga nan kuma ya shiga shirin bikin godiya na bana, wanda yake so ya fi na bara armashi.

Makaɗin gayya, wani tsoho mai ido ɗaya da ake kira Gwanja, ya biyo ta gidansa ya same shi a kan tsani. Ya ce, "Dankaka, sauko ka ji labarin Yalwa da garwashinta."

Dankaka ya ce, "Ina ji daga nan, Baba."

Gwanja ya ce:

A wani ƙauye, tun kafin zuwan ashana, an yi ruwa kwana da kwanaki har wutar kowane murhu ta mutu. A zamanin, in wutar mace ta mutu sai ta ɗauki tsingaro ta shiga maƙwabta ta ɗebo. Wannan karon kuwa ba maƙwabciyar da ke da ita. Wata mata, Yalwa, ta ci ɗamara ta ratsa taɓo har wani gari mai nisa, ta roƙo garwashi, ta taho da shi tana hurawa. Ta iso ta sa a murhu, wuta ta kama. Mata suka yi guɗa, suka taru a ƙofarta, kowace da tsingaronta.

Yalwa ta ce, "Ku yi haƙuri, 'yan'uwa, bari ta kama sosai." Ta kewaye murhu da zana saboda iska. Ta zaunar da su ta ba su labarin tafiyarta, inda ta zame da inda kare ya bi ta. Da ta ga iska tana shigowa ta ƙarƙashin zana, sai ta ɗauko babbar tukunya ta kife a kan wutar, ta liƙe bakin da laka, don ita kaɗai ta san wahalar da ta sha. Matan suka gaji da jira, suka koma suka daka wa yara gumba. Da ta tashi girki ta buɗe tukunya, sai toka. Ta ɗauki tsingaro ta fita kamar yadda aka saba, ta tsaya a tsakiyar gari, ta rasa ƙofar da za ta shiga.

Gwanja ya ce, "Da ta ba ko da gida ɗaya, da ta san inda za ta nufa."

Dankaka ya yi dariya har tsani ya girgiza, ya ce, "Baba, matar nan ba ta da wayo." Ya ci gaba da ɗaurin jinka. Gwanja ya gyara igiyar gangarsa ya wuce.

Damina ta gaba ciyawa ta ci ƙarfin gonar Dankaka, ga shi ya faɗaɗa ta. Ya kira gayya. Gari duka suka zo, ba wanda ya ƙi. Suka zauna a inuwa suka sha fura, sai kowa ya miƙe bi da bi ya gode masa, ya yabi rumbunsa, wani har ya yi ƙwalla. Da rana ta yi sanyi suka yi masa ban kwana. Sai a lokacin ya lura ba wanda ya zo da fartanya.

Jaki ya kori ƙuda da wutsiya, ya ce, "Abin da ya saba bayarwa shi suka mayar masa, kuma ba su rage masa komai ba."

Fasto ya ce, "Labarinka da daɗi, amma ikkilisiya ba gona ba ce. Gode wa Ubangiji kuma ba laifi ba ne."

"Ban ce laifi ba ne, Malam. Ni ma na ji an ce za a ɗaura mini ƙyalle ranar biki, kuma ina so. Amma wa ya kawo bishara Unguwar Tambai?"

"Malam Istifanus, mai bishara daga Dutsen Gora."

"A kan bayan uwata ya zo. Ita ta gaya mini, ranar da suka taso majami'ar Dutsen Gora ba ta da rufi, iska ta kwashe. Dattawansu suka ce ya bari sai an rufa. Ya ce Ubangiji da ya aiko su bai ce a jira rufi ba. Da ya jira, da yanzu kana yanka wa tsamiyar can kaza, ni kuma ina dakon itace, wanda a gaskiya ya fi ka sauƙin ɗauka."

Fasto ya sunkuyar da kai. Kunya ta kama shi ƙwarai. Ya tuna Malam Istifanus da fasassun ƙafafunsa, da yadda ya tallabe masa kai a kogi ranar baftisma. Ya ɗaga ido ya ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai tsoro ya shige shi saboda Arzika.

Ya miƙe ya je wurin dattawa, ya ce su yi bikinsu, shi zai yi tasa godiyar a tsallake. Suka tambaye shi wa ya sauya masa ra'ayi. Ya ce wani tsohon ma'aikacin ikkilisiya ne mai hankali. Kowane dattijo ya ɗauka shi ake nufi, saboda haka ba wanda ya yi gardama.

Ya kwanto tsohon rim daga reshen tsamiya ya ɗora wa jaki. Jaki ya ce, "Malam, wannan ba ya cikin shawarata." Fasto ya ce ya sani, shi ya sa zai bi shi a ƙasa.

Suka haye kogi ruwa yana dukan cinya. A Rafin Kanya suka tarar an share gindin wata kanya fes, an jera duwatsu na zama. Mutanen gidan Arzika suka ce tun da tsohon ya dawo kullum sai ya sa an share wurin. Shi kuwa yana kwance a tabarma, ba ya iya tashi. Ya buɗe ido ya dubi baƙon, ya ce, "Malam, kai ne? An ce mana kun gama aiki."

Fasto ya durƙusa ya riƙe hannunsa, ya ce, "Haka mu ma muka zata, Baba."

Ya rataye rim a reshen kanya ya buga, mutane suka fito. Bai gama gaya musu ko wane ne Yesu ba ruwa ya goce, kogi ya cika a bayansa, ba komawa gida sai kaka. Arzika bai ga kakar ba, amma ya ji labarin har ƙarshe, ya kuma ce ya gaskata.

Jakin bai ƙara magana ba har ya mutu. Tsofaffi suna cewa ba fushi ya yi ba. Fasto Barnaba ne bai sake ce masa sun gama ba.