Rakiyar Kura

Ga ta nan, ga ta nanku, ta ƙetaro danga.

Ta zo mu ji ta, ga tabarma.

To, ku matso. Wata tsohuwar Akuya ce kwaɗayin ganyen magarya ya ja ta cikin daji. Ta ci ta ƙoshi, ta ɗaure dami guda na guzuri. Tana shirin juyowa sai ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Ta hangi wata bukka, ta ruga, ta yi sallama.

Daga ciki aka ce, "Amin, shigo."

Ta shiga. Ta ɗaga kai haka, sai ga Kura. Ashe sarauniyar wayo ta amsa sallama ba ta leƙo ba.

A dajin nan kuwa akwai doka. Wanda ka amsa wa sallama ya zama baƙonka. Ba ka taɓa shi sai ka ɗaukar masa kaya ka raka shi, shi da bakinsa ya ce, "Koma haka nan, na gode." Daga nan baƙunci ya ƙare, kowa tasa ta fisshe shi. Wanda ya karya doka, shi da Zaki. Ga kuma Hankaka a kan bukkar, bakinsa ba ya ajiye magana.

Akuya ta raɓe gefe guda. Ta san ranta yana rataye da kalmomin nan, in ta furta su ta zama kalaci.

Ruwa ya ɗauke. Kura ta saɓi dami, ta ce, "Taso, ƙanwata, in taka miki."

"Kai, Yaya, kin cika kirki."

Suka kama hanya, Hankaka na bin su daga reshe zuwa reshe. Suka ratsa sabara, suka ratsa kalgo, ƙaya na kama damin tana ja. Da suka kai gindin wani marke, Kura ta tsaya.

"Ƙanwata, nan fa masu rakiya suke juyawa."

Akuya ta ce, "Masu rakiyar ganin ido ke nan. Ke wa ya taɓa jin kin bar wani a hanya? Ai ko ƙashinsa ba kya bari."

Hankaka ya ce, "Na shaida!"

Kura ta yi yaƙe, suka ci gaba. Daji ya ƙare, suka faɗa gonaki. Gero ya yi kai, gyaɗa ta rufe kunya. Can ga manoma sun fito bayan ruwa. Kura ta yi maza ta jawo damin ta rufe fuska.

Akuya ta ɗaga murya. "Sannunku da aiki!"

"Yauwa, sannu! Wa ya ɗauko miki kaya?"

"Yayata ce. Kunya gare ta."

Da suka gota, Kura ta ce ƙasa-ƙasa, "Ƙanwata, ba ki da wata magana da za ki faɗa mini?"

"Akwai. Wannan zufa ce ke zuba ta bakinki haka? Allah sarki, zumunci da wahala."

Hankaka ya ce, "Na shaida!"

Suka ci gaba. Gonaki suka ƙare, ga rumbuna, ga hayaƙin girki, ga ƙarar daka. Wani kare ya yi haushi. Kura ta ja birki.

"Nan kam ko uwata ba na rakawa. Sallame ni."

Akuya ta ce, "Haba Yaya, hannu rabbana? A bakin rijiya zan sallame ki. 'Ya'yana uku na can, ɓul-ɓul da su. Ai sa zo su gaishe ki."

Kura ta lissafa a zuci: uwa ɗaya, 'ya'ya uku. Kun san Kura, in ciki ya yi magana kai sai ya yi shiru. Ta gyara dami, ta bi.

Suna isa bakin rijiya Akuya ta fizge damin, fuskar Kura ta fito fili. Ta ƙwala kira.

"Jama'a, na yi baƙuwa! Tun daga daji ta rako ni. Ni tsohuwa ce, ba ni da ƙafa. Ku rama mini alheri, ku taka mata!"

Mutanen garin kuwa ba su da rowar rakiya. Mata suka fito da taɓare, maza da sanduna, karnuka a gaba. Wata ta sauke wa Kura taɓarya a ƙugu, tim! Kura ta ce ƙafa me na ci ban ba ki ba.

Suka raka ta bayan rumbuna. Tana gudu tana ihu, "Ku koma haka nan, na gode!"

Suka raka ta cikin gonaki, manoma suka ƙaru da fartanya. "Ku koma haka nan, na gode!"

Suka raka ta har gindin marke da jifa. "Don Allah ku koma, na ce na gode!"

Ba wanda ya koma. Hankaka ya ce, "Na shaida!"

Tun daga ranar ƙugun Kura ya sauka, bai sake tashi ba. Shi ya sa in aka kori mutum da ihu da jifa ake cewa an yi masa rakiyar kura. In kuma kuka ji ta tana kewaya gari tana kuka, kada ku ji tsoro. Akuya take kira, don har yau ba ta sallame ta ba.

Ƙurunƙus! Kan kusu ne, wanda ya raina ya kawo na giwa.