Ranar da Garin Barau Ya Tashi

Ku matso kusa, ga ta nan ta iso gare ku.

A gindin wani dutse mai aman wuta akwai wani gari mai baƙar ƙasa, inda dawa takan fi mutum tsawo. Mai garin wani tsoho ne, Barau, yana da 'ya'ya uku: Kande mai ginin tukwane, Jatau maharbi, da autansu Nomau manomi. Garin na da wata al'ada tun kaka da kakanni. Duk wanda aka naɗa mai gari yakan rantse cewa ƙafarsa ba za ta taka wata ƙasa ba sai ta garin, su kuma mutanen gari ba sa tafiya su bar mai garinsu a baya.

Wata shekara Kande ta je ɗibar yumɓu, ta ji ramin ya yi ɗumi yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, ga kurciyoyi a mace a cikin kwari ba rauni a jikinsu. Ta zo ta gaya wa mahaifinta. Barau ya ce, "Dutsen nan tun ina goye yake tari." Ta ce, "Baba, wannan karon tarin da zazzaɓi ya zo." Maza suka riƙa kiranta bokanyar dutse, ba ta kula su ba. Ta bi gida gida, ta sa mata suka daka gari suka shanya, suka cika goruna da ruwa suka toshe, suka yayyage tsofaffin zannuwa don rufe hanci da baki. Kowane gida ya ɗaure kayansa ya ajiye a bakin ƙofa.

Jatau kuwa ya san inda mutane za su nufa idan abin ya zo. Kowa a garin ya tashi da jin cewa kwazazzabon rafi ake bi, wai wuta ba ta bin ruwa. Amma shi a yawon farauta ya ga busasshen taɓo da kututturan itace maƙale a bangon kwazazzabon, sama da kan mutum nesa. Sai ya ɗauki gatari ya hau tudu, ya yi ta saran hanya har hannuwansa suka yi kanta, ya faɗaɗa ta yadda jaki da tsohuwa za su iya bi.

Wata safiya ƙasa ta girgiza, tukwane suka faffaɗi, toka ta fara sauka kamar yayyafi. Jama'a suka fito da kayansu a ka, suka taru a ƙofar Barau. Tsohon yana zaune a kan buzunsa. Ya ce, "Ku tafi, na yafe muku." Ba wanda ya motsa. Yana kallo wata mace mai goyo ta sauke kayanta ta zauna a ƙasa, wasu suka bi ta. Ga rantsuwa a wuyansa, ga rayukan gari a gabansa.

Sai ga Nomau da fartanya da jakunkunan fata biyu. Ya haƙi ƙasa daga ƙofar gidan ya zuba a ciki, ya durƙusa ya sa ƙafafun mahaifinsa cikin jakunkunan, ya ɗaure da igiya. Ya ce, "Baba, ƙasar wane gari ce wannan?"

"Tamu ce."

"To, ita za ka taka har inda za mu."

Barau ya dube shi ya ce, "Kai auta, ni kake yi wa wayo ko kakanni?"

"Dutse nake yi wa, Baba. Tashi."

Dattawa suka dubi juna suka gyaɗa kai. Barau ya miƙe, gari duka ya miƙe.

Da suka fito, na gaba suka karkata zuwa rafi kamar yadda suka saba ji. Suka tarar da Jatau tsaye a bakin kwazazzabon da bakansa, ya ce ko kawunsa ne ba zai wuce ba, ya kora su tudu. Suna tsakiyar hawa suka ji ruri, taɓo mai zafi ya cika kwazazzabon har baki. Toka ta rufe rana, sai kowa ya jiƙa tsummansa ya ɗaure a fuska. Inda hanya ta yi tsauri Nomau ya goya tsohon. Garin da mata suka daka shi ya riƙe su har suka isa wani fili mai nisa, ba a rasa ko jariri ba.

A can suka kafa bukkoki. Dattawa suka zo wurin Barau suka ce, "Ranka ya daɗe, sabon gari na son suna, kuma na ɗaya daga cikin 'ya'yanka za mu sa." Tsohon ya shiga auna lamarin a ransa. Ba don Kande ba, da dutsen ya same su ba shiri, yunwa da toka su ƙarasa su. Ba don Jatau ba, da suna ƙarƙashin taɓo. Ba don Nomau ba, da shiri da hanya duk sun tashi a banza, jama'a na zaune a ƙofar gidansa.

To, ku da kuka ji, sunan wa ya kamata garin ya ɗauka?