Ranar da Mai Ginin Rumbu Ya Yi wa Rimi Bango

Ku matso ku ji dalilin da ya sa bishiya ba ta gudu, ko da ta ga mai gatari ya nufo ta. Kai mai tauna rake, tofar da tuƙar nan ka saurara, ai ita ma tana cikin labarin.

A da can, tsirrai ba su da tauri ko kaɗan. Jikinsu luguf yake kamar kunu a salka, kuma tafiya suke yi da ƙafafunsu, su je rafi su sha ruwa su dawo. Abin da ya hana su sakat shi ne awaki. Akuya ba ta ma tauna su, zuƙe su take yi. Haka aka zuƙe wa Rimi 'ya'yanta, har ya rage mata 'yar auta kaɗai.

Wata safiya Rimi ta ɓoye autar a cikin wani rami a bakin rafi, ta ce, "Kada ki motsa, yanzu zan dawo." Ta ja jiki ta tafi wajen Nomau, wani tsoho da ya yi suna a ginin rumbu.

"Baba Nomau, a taimake ni. Hatsin da ka gina wa rumbu, ko ɓera bai isa ya taɓa shi ba. Ka yi mini irin wannan bangon a jikina. In ya yi kyau, sai in ɗauko yarinyar a yi mata."

Nomau ya ce, "Wannan ai ba komai ba ne, 'yata. Tsaya nan."

Mutumin nan gwani ne, wannan kam ban hana shi ba. Ya ja zare daga zaƙin jikinta, kamar yadda ake jan alewa, ya shimfiɗa wani a tsaye, wani a kwance. Ya kwaɓa ƙaro ya liƙe tsakaninsu. Kowane ɗigon rai da ke jikinta sai da ya kewaye shi da ɗan ɗakinsa, ƙarami wanda ido ba ya gani, ɗaki manne da ɗaki. Sannan ya bi da shafe mai tauri ta ciki. Sauran tsirrai da suka ga haka, ku san halin 'yan kallo, duk suka yi layi, su ma ya yi musu. Ba wanda ya tambayi komai.

Rana ta bugi ginin, ya bushe. Sai ga wata akuya ta zo ta kai wa Rimi cizo. Haƙorinta ya yi ƙas! Ta ja baya tana girgiza kai. Tsirrai suka ɓarke da shewa.

Rimi ta ce, "Madalla! Bari in je in ɗauko 'yata."

Ta yunƙura. Ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Ta sake yunƙurawa, ko gezau. Shewa ta tsaya cak.

"Baba Nomau! Ina ƙofofin? Ta ina zan lanƙwasa jikina?"

Tsohon ya saki baki yana kallonta. "Ƙofa kuma? Ni fa rumbu nake ginawa. Ke kin taɓa ganin rumbu da ƙofa a gefe? Abin da aka zuba ciki ai zama ya zo yi."

Wayyo, yara! Nomau ya ɗauki tsinke, ya shiga huda bangayen. Iyakar abin da ya samu 'yan ƙananan huji ne da ruwa ke bi daga ɗaki zuwa ɗaki. Ginin ya riga ya kama.

Ita kuwa akuya, da ta rasa na ci a nan, sai ta ɗaga hanci ta shinshina iska, ta juya ta nufi rafi. Yanzu da Rimi ta miƙe tsaye, ta fi kowa tsawo, babu abin da ya tare mata gani. Tana kallo akuya ta gangara, tana kallo ta tsaya a bakin ramin.

"Auta, gudu! Gudu!"

Amma rafin da nisa, kuma yarinyar mai jin magana ce. An ce kada ta motsa, ba ta motsa ba.

Shi ya sa har wa yau kowane tsiro, daga rimi har ciyawar da kuke takawa, jikinsa ɗakuna ne masu bangon zare da ƙaro, irin zaren tuƙar raken nan da aka tofar. Bangon na tsayar da shi a gaban iska, amma ko wuta ce ta taso, a inda yake za ta same shi.